Yadda Ake Tantance Darajar Tsoffin Sulalla Masu Kuskuren Bugu ko Tabo

Tambayar nan ta yi yawa, daga Nima, daga Madina, daga Sabon Zongo, duk a nan Akra, har da 'yan'uwa na Kumasi. Mutum zai buɗe tsohuwar adakar kakarsa ya tarar da gwangwani cike da kwabbai masu huji da sulallan Nkrumah, ko a ba shi canji a kasuwar Makola ya ga tsabar da zanenta ya karkace, sai ya turo hoto ɗaya mai duhu yana cewa, "Malam, wannan nawa zai yi?" Sa wa tsaba kuɗi daga hoto ɗaya cinikin biri a sama ne. Aikin yana da jerinsa, kuma wanda ya tsallake mataki yakan faɗa ɗayan biyu: ko ya sayar da abu mai daraja a kuɗin goro, ko ya rungume ƙarfen da mota ta taka yana jiran arziki.

Kafin ka karanta sauran, riƙe wannan: kada ka wanke ko ka goge tsabar, ko da da bakin riga ne. Bar ta yadda ka same ta har ka kai mataki na 8.

1. Haɗa kayan aiki

Kana bukatar gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10, irin wanda masu gyaran agogo da masu gyaran waya ke sa wa a ido. Ana samunsa wajen masu kayan gyaran waya a Circle. Wanda ya wuce ninki 10 ba ya taimaka wa sabon shiga, domin yakan mayar da ƙurar da ba ta da komai ta zama tsauni, mutum ya yi ta ganin kuskuren da babu shi.

Sai sikeli ɗan ƙarami na masu zinariya, wanda ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, wato 0.01 na giram. Shi ne mafi tsada a cikin kayan, kuma farashinsa yana tafiya da dala, don haka taya a rumfa uku kafin ka biya. In aljihu bai kai ba, maƙerin zinariya zai auna maka a ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sikelin kicin ba ya wannan aiki.

Ka ƙara da ma'aunin faɗi da kauri irin na makanikai (na roba ya fi, don na ƙarfe yana karce gefe), maganaɗisu ko na tsohuwar sifika ne, fitilar tebur mai ƙwai ɗaya, da ƙyalle mai laushi da za ka shimfiɗa. Littafi da biro ma suna cikin kayan aiki.

Gargaɗi: dogon ƙwan lantarki na silin yana baza haske ko'ina, sai ya ɓoye siraran layukan goga. Rana tsaka kuma tana kashe ido. Rufe labule, kunna fitila ɗaya, ka sa tsabar ƙarƙashinta.

2. Yadda ake riƙe tsaba

Wanke hannu da sabulu, ka busar sarai. A lokacin hunturu da hannu ke shan man kaɗe, wanke sau biyu. Riƙe tsabar ta gefenta da babban yatsa da manuni, kada fatar yatsa ta taɓa fuskarta, kuma koyaushe a saman ƙyallen, don in ta kuɓuce ta faɗi a taushi.

Kada ka yi magana bakinka na kanta, balle kana tauna goro. Ɗigon yawu da ido ba ya gani, bayan wata shida shi ne baƙin tabon da ba ya fita a jikin jan ƙarfe. Haka shatin yatsa: gumi yana cin ƙarfe ya zauna har abada.

3. Gane wace tsaba ce

Ba a auna darajar abin da ba a san sunansa ba. Rubuta ƙasa, shekara, adadin kuɗin, irin ƙarfen, da alamar maƙera, wato gidan da aka buga ta, in akwai.

Yawancin abin da ke fitowa daga adakokin Zongo kashi uku ne. Na farko kuɗin Turawa masu rubutun British West Africa: anini, dari da kwabo masu huji a tsakiya, da kambun sarki da rubutun Larabci a fuska ɗaya, tauraro mai tsini shida a ɗaya fuskar, sai taro, sisi, sule da fataka marasa huji. Sule da fataka suna ɗauke da bishiyar kwakwa. Marasa hujin nan daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000, a 1920 aka rage ta wasunsu zuwa rabi, daga nan aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Nemi ɗan harafi ƙarami kusa da shekarar ko ƙasan zanen: H na nufin maƙerar Heaton ta Birmingham, KN na nufin Kings Norton, in babu harafi galibi bugun Landan ne. Tsaba biyu masu shekara ɗaya kan bambanta a farashi saboda wannan harafin kaɗai.

Na biyu kuɗin Gana: na 1958 masu kan Nkrumah da tauraro a baya, pesewa na farko na 1965 su ma da kansa, sai na 1967 da aka cire hotonsa aka sa koko da ganguna. Na uku kayan da alhazai da fatake suka shigo da su: riyal na azurfa, fam na zinariya na Ingila, da liyari mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya.

Kurakurai biyu da nake gani kullum a wannan mataki. Liyari ko wanne ka ɗauka za ka ga 1780, domin da wannan shekarar aka ci gaba da buga shi tun bayan rasuwarta har zamaninmu, saboda haka shekarar ba shaidar tsufa ba ce. Sannan kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin Ingila da ya sauka daga gadon mulki a Disambar shekarar: labarinsa yana da daɗi, amma an buga shi da yawa ƙwarai, ba abu ne mai wuyar samu ba sai in yana sabo fil.

4. Auna kafin ka yarda da ido

Ɗora ta a sikeli, auna faɗinta, ka gwada da abin da aka san nauyinta. Shafin intanet na Numista yana da nauyi da faɗin kusan duk waɗannan. Sulen azurfa yana kusan giram 5.66, fataka 11.31, liyari kusan 28, fam na zinariya 7.98. Tsabar da ta sha yawo takan ragu kaɗan, wannan ba komai. Wadda ta kauce da yawa tana da bayani: ko jabu ce, ko an yanke ta, ko kuma kuskuren da muke nema ne.

Kawo maganaɗisu kusa, amma ka sa takarda a tsakani don kada ya fizge ta ya karce. Azurfa, zinariya, tagulla da farin ƙarfen kwabbai masu huji ba sa kamawa. Pesewa na 2007 zuwa yau suna kamawa, domin baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe. In "azurfa" ta manne, magana ta ƙare.

Jabun da aka zuba a tukunya maimakon a buga shi yana da alamu: ɗan layi a zagayen gefe inda rabi biyun suka haɗu, ƙananan ramuka kamar fuskar ƙosai, da haruffa masu kumburi marasa kaifi. Wasu sukan jefa tsaba a siminti don su ji ƙararta. Kada ka yi. Dukan gefe ɗaya ya isa ya sauke ta daga matsayinta.

5. Kuskuren maƙera ne ko ɓarnar hannu?

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. A cikin kowace tsaba goma da aka kawo mini da sunan kuskure, akasarinsu ɓarna ce ta bayan fitowa. Kama da wane ba ta wane.

Ka san yadda ake yin ta a taƙaice. Ana yanko faifai zagayayye daga dogon fallen ƙarfe. Ana sa shi tsakanin hatimi biyu, na sama da na ƙasa, ƙawanya ta riƙe shi ta gefe, inji ya buga da ƙarfi sau ɗaya. To duk abin da ka gani a jikin tsaba, tambayi kanka: faifai, hatimi ko bugu, wanne zai iya haifar da wannan? In babu ko ɗaya, hannu ne ko ƙasa ko taya.

Fara da kuskuren faifai. Mafi yawa shi ne gutsurarren gefe mai lanƙwasa kamar an ciji ƙuli. Na gaskiya yana da shaidu uku: nauyin ya ragu, zanen da ke kusa da gutsuren yana dusashewa a hankali yana gangarawa cikinsa, sannan leɓen tsabar a ɗaya ɓangaren, daidai saitin gutsuren, yakan fito a raunane. Wanda aka yanke da almakashin ƙarfe ko zarto kuwa bakinsa yana da kaifi da ƙyalli, haruffan sun katse kwatsam. Akwai kuma ɓawo, inda fatar ƙarfen ke ɗagowa kamar ɓawon albasa saboda datti a cikin narkakken ƙarfen. In ɓawon yana manne kada ka ɓalle shi, darajar tana tare da shi. Mafi tsada a wannan kashi shi ne a buga zanen wata tsaba a faifan wata. Sikeli ne ke tabbatar da shi: nauyin zai dace daidai da na wata tsabar da maƙerar ke bugawa.

Kuskuren hatimi kuma dokarsa ɗaya ce mai sauƙi: abin da ya fashe a hatimi yana fitowa a tsaba a tashe, ba a nutse ba. Tsagar hatimi siririn layi ne mai tudu, kamar jijiya a bayan hannu. Karce kuwa rami ne, kuma gefensa yana da ɗan ƙarfen da aka tura. Karkata tsabar a ƙarƙashin fitila ka ga ta wane gefe inuwa take faɗawa. In wani yanki na bakin hatimi ya ɓalle, za ka ga dunƙulen ƙarfe marar zane manne da leɓe, kuma bayansa a ɗaya fuskar zanen yakan yi rauni. Ƙananan tsagu ba sa ƙara kuɗi sosai, dunƙule babba yana ƙarawa.

Haruffa masu ninki biyu suna bukatar haƙuri. In a jikin hatimin ninkin yake, hoton na biyu yana da kumburi irin na farko, ƙarshen haruffa ya rabu kamar harshen maciji, kuma harafin ya ƙara kauri. In hatimin ne ya ɗan girgiza lokacin bugu, na biyun a baje yake kamar dakali, harafin asali kuma ya rage kauri. Na farko ake nema. Na biyu ba ya ƙara ko pesewa ɗaya, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Akwai wanda masu tarawa ke kira alfadari, inda aka haɗa hatimin fuska na wata tsaba da na bayan wata. A kuɗinmu sananne shi ne kwabon 1936 mai harafin H, wanda bayansa na Afirka ta Yamma ne amma fuskarsa ta tsabar Afirka ta Gabas ce. Don haka karanta fuska biyun na kowane kwabo mai huji, harafi bayan harafi, kada ka ɗauka ka san abin da ke rubuce.

Sai kuskuren bugu. Bugun da ya kauce daga tsakiya yana barin wani yanki fili fetal kamar jinjirin wata, wani ɓangaren zanen kuma ya fita waje. Kimanta kashi nawa cikin ɗari ya kauce, ka duba ko shekarar tana nan, domin mai shekara ya fi marar shekara kuɗi ƙwarai. In ƙawanya ba ta kama ba, tsabar takan baje ta fi faɗi, gefenta sumul babu zara-zara, amma duk zanen yana nan kuma nauyin daidai. In maiko ya cika hatimi, wani harafi ko lamba zai ɓace, wurin ya yi sumul ba tare da alamar kankara ba.

Gargaɗi a nan: ana matse tsaba biyu a matsi ko a buga da guduma don a samar da haruffa a juye a nutse. Na gaskiya yana faruwa in wata tsaba ta maƙale a hatimi ta bugi ta bayanta, kuma ɗaya fuskar takan fito lafiya lau da kaifinta. Na guduma ɗaya fuskar a daddaƙe take, tsabar kuma ta ɗan lanƙwashe. Wadda aka jiƙa a ruwan batir mai guba tana fitowa siririya, marar nauyi, zanenta duk ya yi hazo, faɗinta ya ragu. Wannan ma ba faifai siriri ba ne, ɓarna ce.

Kwabbai masu huji suna da nasu: hujin da ya kauce daga tsakiya, ko babu hujin sam. Hujin maƙera zagayayye ne tsaf, girmansa ɗaya da na 'yan'uwansa, launin cikinsa ɗaya da na sauran jiki. Marar huji zai ɗan fi nauyi; duba tsakiyarsa da gilashi ko an cike ne da dalma. Amma sule ko liyari da aka huda aka yi sarƙa da shi, ko mai alamar walda a gefe inda aka cire maratayi, wannan adon iyayenmu mata ne, yana da daraja a zuciya da ta nauyin azurfa, ba ta kuskure ba.

Na ƙarshe, juya ta. Kuɗin Ingila da namu, in ka juya su gefe kamar shafin littafi, fuska biyun a tsaye suke. Na Amurka sai ka juya sama zuwa ƙasa. Gwada da wasu biyu irinta kafin ka yanke hukunci. 'Yar karkata kaɗan ba a kula ta. Daga rubu'in zagaye zuwa rabi ne ake fara magana.

6. Ba ta matsayin gogewa

Yanzu manta da kuskuren, ka dubi yadda hannaye suka cinye ta. Ma'aunin da kasuwar duniya ke bi daga 1 zuwa 70 ne, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Ba sai ka haddace duka ba. G 4: an shafe sosai, amma ana karanta shekara. F 12: rabin ƙananan zane ya tafi. VF 20 zuwa 35: manyan zane a fili, tudu-tudu sun baje. EF 40 zuwa 45: gogewa a ƙololuwa kawai. AU 50 zuwa 58: kusan sabuwa, akasarin sheƙin yana nan. MS 60 zuwa 70: ba ta taɓa yawo ba.

Duba wuraren da suka fi tudu, don su ke fara tafiya. A kan Nkrumah: gashin saman kunne, kunnen kansa, da ƙashin kumatu, a baya kuma layukan tsakiyar tauraro. A sulen Sarki George na Biyar: duwatsun kambu, gemu, da ganyen kwakwa. A kwabo mai huji: ƙwayoyin kambu da inda layukan tauraro ke ratsa juna. A pesewa na 1967: jijiyoyin ƙwallon koko.

Abin da ke raba AU da MS shi ne sheƙi. Riƙe tsabar ƙarƙashin fitila ka dinga karkata ta a zagaye. Sabuwa za ta nuna haske mai juyawa kamar fankar silin. In hasken ya katse a kan kumatu ko kambu, wurin ya yi toka-toka, an taɓa kashe ta. Wannan gwajin ne kuma ke raba raunin bugu da gogewa, abin da ke da muhimmanci ga tsaba mai kuskure: wurin da bugu bai cika ba yana baje amma sheƙinsa na nan, wurin da hannu ya ci ba shi da sheƙi.

Ga jan ƙarfe da tagulla, kamar kwabo da dari na 1958, ana ƙara launi: RD in kusan duk jan asali yana nan, RB in ya gauraya, BN in ya koma ruwan ƙasa. A iskar Akra, tsabar da ta shekara sittin tana ja wur ba tare da an killace ta ba, zarge ta da wanki.

In kana shakka tsakanin matsayi biyu, ɗauki na ƙasa. Mai saye haka zai yi.

7. Karanta tabo

Tabo ba iri ɗaya ba ne, kuma tambayar farko ita ce: ya tsaya ko yana ci?

Rinin shekaru, wato launin toka, zinariya ko shuɗi da azurfa ke yi a hankali, ba aibi ba ne. In ya yi kyau ma yana ƙara kuɗi. Shi ne fatar tsabar, kuma shi mutane suka fi gaggawar cirewa.

Baƙin ɗigo a jan ƙarfe ya riga ya shiga jiki, ba ya fita. Abin lura shi ne inda yake da girmansa. Ɗigo ɗaya a ɓoye cikin haruffan gefe na iya rage maki ɗaya. Irinsa a kan kumatu ko a filin gaban fuska, inda ido ke fara sauka, ya fi haka ciwo.

Farin tabo kamar an ɗiga madara ta bushe yana fitowa a sababbin azurfa na ajiya masu nauyin giram 31.1, irin na Kanada, Amurka da Ingila da 'yan'uwa ke kawowa daga tafiya. Daga maƙera yake, ragowar ruwan wankin faifai ne, kuma yakan bayyana bayan watanni ko shekaru ko da tsabar na cikin kwalbarta a rufe. Ya dami maƙerar Kanada har ta fito da wata kariya mai suna MintShield a 2018. Duk da daga maƙera yake, ba a lissafa shi cikin kuskure mai ƙara daraja. Yana hana tsaba kai 69 ko 70, amma bai rage ko ƙwayar azurfarta ba. Kada ka bi shawarar goge shi da abin goge fensir, tabon zai tafi ya bar layuka da suka fi shi muni. Jan ɗigo a fam na zinariya shi ma daga gaurin jan ƙarfen cikinsa ne, ba alamar jabu ba.

Kore iri biyu ne. Mai danƙo da maiko daga leda mai laushi yake zuwa, irin ta albam ɗin hotuna, kuma yana fita in an yi da wuri. Mai gari-gari, kore mai haske da ke dawowa bayan an share, wannan cuta ce da gishiri da laima ke kawowa, tana haƙa rami, kuma garinta na iya shafar na kusa. Ware mai ita nan take. Masu zama kusa da teku, daga Jamestown zuwa Chorkor, su suka fi ganinta. Aninin farko na 1907 da 1908 na alminiyam ne, nasa farin gari ne. Pesewa na yanzu kuma sukan yi ƙuraje a rufinsu: ƙurji a rufe daga maƙera yake amma ba ya kawo kuɗi, wanda ya fashe ya yi tsatsa ɓarna ce.

8. Abin da ya halatta a yi mata

Wata Hajiya a Mamobi ta aiko a kira ni in duba sulallan azurfa da maigidanta ya bari. Na tarar da su a faranti suna walƙiya kamar sabuwar tasa. Ta ce, "Ɗana, ai ni na sa jikata ta gyara su da lemun tsami da toka don ka same su da kyan gani." Na ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, niyyarki mai kyau ce, amma yanzu sai dai mu yi maganar nauyin azurfarsu." Akwai biyu a ciki da na tabbata kafin wankin sheƙinsu na asali yana nan. Har yau abin yana yi mini zafi, domin garin neman gira aka rasa ido, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata.

Lemun tsami, toka, man goge baki, man goge tagulla, soso, garin wanki: duk suna cire fatar ƙarfe, kuma ba ta dawowa. Gilashi zai nuna siraran layuka jere da juna, launin kuma ya yi fari fat marar rai.

Abu biyu kawai na yarda da su. Ƙura da laka: jiƙa a tataccen ruwa na kemis, ka ɗora a ƙyalle ta bushe, ba shafawa. Koren danƙo da ragowar salatif: jiƙa a tsantsar asiton cikin kofin gilashi na 'yan mintuna, canza zuwa sabo, ka bar ta ta bushe da kanta. Ba abin cire jan farce ba, don yana da mai da turare. Asiton yana kama wuta nan da nan kuma yana narkar da roba, saboda haka a waje za ka yi, nesa da kurfoti da risho da yara. Jan ƙarfe mai launinsa na asali, da duk tsabar da kake zaton mai tsada ce, bar su ga ƙwararru.

9. Rubuta hukuncinka

Layi ɗaya, a wannan jeri: tsaba, matsayi, kuskure, aibi. Misali: "Kwabo 1958, Gana, EF 40 BN, gutsuren gefe kusan kashi 5 cikin 100, baƙin ɗigo ɗaya bayan kunne, ba a wanke ba." Ɗauki hoto huɗu a kan farar takarda: fuska, baya, gefe, da kuskuren a kusa, sai na biyar tana kan sikeli lambar na fitowa. Kada ka ɓoye tabo da haske. Mai saye zai gani ranar da ta isa hannunsa, kuma a wannan harka suna ɗaya mutum yake da shi.

10. Farashi, da ko ta cancanci tafiya waje

Fara da ƙasan farashi. Sulen azurfa na kafin 1920 yana ɗauke da tsantsar azurfa kusan giram 5.2, fataka kusan 10.5, fam na zinariya kuma giram 7.32 na tsantsar zinariya. Ninka da farashin ranar, kada ka sayar ƙasa da haka sosai ko da tsabar ta lalace. Daga nan duba kasuwar intanet ta eBay, amma a jerin waɗanda aka riga aka sayar, ba abin da masu talla ke nema ba. Kowa na iya rubuta dala dubu a kan kwabo.

Manyan kamfanonin tantancewa biyu ne, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, duka a Amurka. NGC yana da ofis a Landan, PCGS a Paris. Suna rufe tsaba a kwalin roba da matsayinta a rubuce. Lissafa kuɗin rajista, kuɗin kowace tsaba wanda gomman daloli ne, ƙarin kuɗi na tabbatar da kuskure, da jigila da inshora zuwa da dawowa. In abin da kake sa ran samu bai ninka wannan jimla sau uku ba, a ganina kada ka tura. Wadda aka wanke, aka huda ko tsatsa ta ci ba za ta samu lamba ba, za a rubuta mata Details ne tare da sunan aibin, kuɗinka kuma ya tafi. Kafin ka fitar da tsohon abu daga ƙasa, je Hukumar Gidajen Tarihi da ke Barnes Road ka tambayi ko yana bukatar takardar izini.

Gargaɗi: duk wanda ya ce kwabo mai huji yana ɗauke da wani sinadari na sirri, akwai Bature mai saye da miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji, ka riƙe aljihunka ka yi masa sallama.

11. Ajiya

Kowace tsaba da ɗakinta: kwalbar roba mai tauri, ko kwali mai taga na masu tarawa. In da sitefila aka rufe kwalin, danne ƙusoshin da filaya don kada su karce ta kusa. Leda mai laushi mai warin sabon labulen banɗaki, robar ɗaure kuɗi, jarida, auduga da gwangwanin madara duk ka raba su da ita. Zuba su a mazubi mai murfi da ke hana iska, tare da 'yan ƙullin shan laima da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, ka sa a sama cikin ɗaki, ba jikin bango mai danshi ba, ba kusa da madafa ko turaren wuta ba.

Buɗe ka duba sau biyu a shekara, ƙarshen Yuli bayan babbar damina da kuma Nuwamba bayan ƙaramar, ka canza ƙullin laimar, ka gwada kowane tabo da hoton da ka ɗauka a mataki na 9. Wanda ya ƙara faɗi, fitar da tsabar daga cikin sauran ranar nan.